Baba Ya Ga Teku

Orozo,
ta hannun Malam Yamusa,
14 ga Maris, 1960.

Zuwa ga yayana Andarawus,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Hannatu da yara. Yaya aikin reluwe, yaya kuma zafin Nguru da muke jin labarinsa? Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku. Mu a nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, guiwa ce kawai take damun ta in ta dawo daga rafi. Doya ta yi kyau bana, dawa ma ba laifi. Maigidana Yamusa yana nan yana fama da 'yan makarantarsa, ƙanwarmu Azumi kuma ta sauka lafiya a watan jiya, an sami namiji.

Yaya, ina roƙon ka karanta takardar nan har ƙarshe, don na san da ka ga sunan Baba za ka so ka naɗe ta. Shekara uku ke nan tun ranar da ka dawo daga Biktoriya ta ƙasar Kamaru da akwatin ƙanenmu Anuhu a kanka, ka ce kwalekwale ya kife da shi a teku, ba a ga gawarsa ba. Ina tsaye bakin rumbu sa'ad da Baba ya ce ka tafi masa da ɗa ka komo masa da akwati, kuma wanda ya bar ɗan'uwansa cikin ruwa ba zai kwana a gidansa ba. Ka ajiye akwatin, ka juya ko ruwa ba ka sha ba. Tun daga ranar Baba bai yarda an yi wa Anuhu addu'ar rasuwa ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai lokacin da rafi ya ci ɗan Wakili mazan garin nan kwana huɗu suka yi cikin ruwa har suka fito da shi, don haka ba a nemi Anuhu ba ne.

Bayan an gama haƙar doya sai ya ce shi zai tafi da kansa. Mun ɗauka maganar tsufa ce, sai muka ga ya fito da doguwar igiyar nan mai ƙugiya da ake lalube da ita a rafi, ya sa Inna ta wanke masa farin zane don naɗe abin da zai samo. Fasto ya yi magana, Yamusa ya yi, bai ji ba. Da na ga zai tafi shi kaɗai, ba Turanci, Hausar ma sai a hankali, sai na bar wa Inna yara na bi shi. Ka san hanyar fiye da ni: Keffi, Gudi, jirgi har Inugu, sannan babbar mota ta Mamfe da Kumba. Kwana tara muka yi, igiyar tana kan cinyarsa, bai yarda an ɗora ta saman mota ba.

Mun sauka barikin ma'aikatan gonar ayaba inda kuka zauna, da la'asar, ana yayyafi, hazo ya rufe ko'ina. Da na ambaci sunanka aka kai mu wurin Malam Dallatu mahauci. Mutumin nan ya karɓe mu kamar danginsa, ya ba Baba ɗakinsa, matarsa ta dafa mana tuwo. Baba yana cin abinci yana ɗaga kai, ya ce wannan wane irin hadari ne da yake ta ruri ba ya tasowa. Malam Dallatu ya ce ba hadari ba ne, ruwan ne.

Da safe gari ya washe, Malam Dallatu ya kira wani tsohon masunci mai suna Abraham, wanda ya ce ya san ka sarai. Shi ya shige gaba, muka bi ta bayan ƙaramar majami'ar nan, muka kama 'yar hanyar da ta bi ta kan dutse. Hanyar ba ta da tsawo, ba ta fi daga gidanmu zuwa gonar Baba ta bakin tsamiya ba, amma mun daɗe a kanta saboda santsi da ƙafar Baba. Da farko itatuwa ne suka rufe mu hagu da dama, ba ma ganin kome sai ganye, ƙarar kuwa tana ƙaruwa har ina jin ta a tafin ƙafata. Iskar tana da ɗanɗanon gishiri. Sai muka sha wata kwana, itatuwan hagu suka ƙare gaba ɗaya.

Yaya, kai ka sani, ba sai na kwatanta maka ba, amma ni ban taɓa zaton akwai abu irin wannan a duniya ba. Muna tsaye a bakin dutse, ƙasa ta yanke kamar an sare ta da gatari, can ƙasa ruwa yana dukan baƙaƙen duwatsu yana tashi fari fat. Gaba kuwa ruwa ne kawai, har inda ya haɗu da sama, sai wasu 'yan tsibirai kamar an zubar da duwatsun murhu. Kwalekwalen masunta da ke can nesa ba su fi ɓawon gyaɗa ba. Na kama rigar Baba don jiri ya ɗebe ni. Shi kuwa ya tsaya yana duban dama, yana duban hagu, ya sa hannu a goshi ya daɗe yana hange. Sannan ya ce in tambayi masuncin ina ɗaya gaɓar take. Malam Dallatu ya juya maganar da Buroka, wato Turancin kasuwa, Abraham ya ce shekararsa arba'in a kan ruwan nan, ubansa ma a kai ya tsufa, babu wanda ya taɓa ganin ta a cikinsu.

Muka ƙarasa ƙarshen hanyar, inda aka kafa ɗan ƙarfe don kada mutum ya zame, da wani benci na katako. Nan Abraham ya nuna mana wurin. Ya ce ran Lahadi ne, Anuhu ya bi masu wa'azi zuwa wani ƙauyen masunta, suna dawowa igiyar ruwa ta juya su daidai ƙarƙashin inda muke. Mutum biyar aka ciro, biyu ba a gan su ba. Ya ce ruwan wurin yana ja zuwa ciki ne, abin da ya ɗauka ba ya mayarwa bakin gaɓa. Baba ya tambayi zurfinsa, Abraham ya dubi igiyar da ke kafaɗar Baba, ya ce ko an ƙulla irinta ashirin ba za ta taɓa ƙasa ba. Bai faɗa da raini ba, a hankali ya faɗa.

Baba ya zauna a bencin. Can ya tambaya ko kwana nawa aka yi ana nema. A nan ne muka ji abin da ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Abraham ya ce kwana goma sha ɗaya kana shiga kwalekwalensa tun asuba, kai da ba ka iya iyo ba, kana amai kana riƙe da gefe, ba ka yarda a juyo sai rana ta faɗi. Ya ce ran na goma sha biyu masunta suka ƙi fita da kai, don sun ga in aka ci gaba za a rasa mutum na uku. Daga nan ka koma bin wannan hanya safe da yamma kana leƙen duwatsu, wata guda cur, har aka sallame ka daga aiki. Ya ce matan barikin har yanzu in sun zo wucewa suna cewa hanyar ɗan Arewa.

Baba ya juyo gare ni ya ce me ya hana ka faɗa masa haka. Ban san inda na sami ƙarfin hali ba, na ce, "Baba, ai ba ka bar shi ya buɗe baki ba." Na ɗauka zai tsawata mini. Sai ya sunkuyar da kai ya ce da yarenmu, "Na ɗauka rafi ne." Ya maimaita har sau uku. Tun da nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Kaka, sai ran nan. Malam Dallatu da Abraham suka ja baya suka ba mu wuri. Bayan wani lokaci ya miƙe, ya cire hularsa, ya ce in yi addu'a. Na yi iyakar abin da muryata ta iya, na miƙa Anuhu ga Ubangiji wanda ya san inda kowa yake kwance. Baba ya ce amin. Igiyar ya ba Abraham ya ce ta yi masa amfani a kwalekwale, zanen kuma ya ce in mayar wa Inna. A hanyar komawa sau biyu yana tsayawa yana leƙa ƙasa, ya tambaye ni ko nan ma ka tsaya. Na ce ina tsammani.

Mun iso gida ranar Talatar da ta wuce. Ba zan ɓoye maka ba, tafiyar ta taɓa shi. Ƙafafunsa sun kumbura, yana tari, kuma bai koma gona ba tukuna, ko da yake yana cin abinci. Washegarin dawowarmu ya aika aka kira Fasto da dattawa, ya ce a shirya addu'ar Anuhu a makon Ista. Fasto ya tambayi wace rana, Baba ya ce ranar da ka iso, in ba ka iso ba kuwa ba za a yi ba. Inna ta share ɗakinka, ta sa an sake masa jinka, kullum tana tambayar Yamusa kwana nawa takarda take yi kafin ta kai Nguru.

Na san abin da aka yi maka ba ƙarami ba ne, ba kuma zan ce ka manta ba. Amma ka nemi hutu wurin manyanka, ka zo da Hannatu da yaran, tunda ƙaramin ma Baba bai taɓa ganin sa ba. Kada ka jira damina.

Inna tana gaishe ka ƙwarai, haka Yamusa da Azumi da mijinta, da Baba Wakili. Malam Dallatu da Abraham sun ce lalle in isar maka da gaisuwarsu. Ka gai da Hannatu, ka shafa mini kan Rahila da Mato. Jiya da nake rubutu Baba ya zo ya zauna kusa da ni, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in rubuta daidai yadda ya faɗa, kada in gyara masa: "Ka gaya wa Andarawus na je, na ga ruwan. Ni ma ban samo shi ba. Ka ce masa ya dawo gida."

Ni ce ƙanwarka,
Lidiya.