Hotunan da ke Cikin Ma'ajiya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara.

Ba ka ji ni a waya ba ne don wayar ta mutu. Ranar Talata aka kawo wuta da ƙarfi, ƙwan shago ya fashe, waya tana jikin caji ta tafi, kwamfutar da ka ba ni kuwa ta yi ƙauri kamar an manta dutsen guga a kan leshi. Mai gyara na layinmu ya ciro wannan 'yar abar da na naɗe a ƙyalle, ya ce ita ce ma'ajiya, wai SSD, kuma ta ƙone. Ya so ya jona ta a wata kwamfutar, sai ya fasa, ya ce gwaji na iya ƙarasa ta.

Awon masu ɗinkina duk yana ciki. Don Allah ka kai wa abokin nan naka mai gyaran kwamfuta ya duba. Direba zai ba ka hannu da hannu.

Na bar ka lafiya.
Yayarka

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, yara suna tambayar rigunan da aka yi musu alkawari tun suna rarrafe.

Wato ke, da ko almakashi ba kya bari a waje, kika bar kwamfuta a jone? To, sha kuruminki. Mutumina ya sa ta a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girma, ya nuna min wani ɗan abu baƙi, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce shi ne mai gadin ƙofa, shi ya shanye wutar ya mutu, inda bayanan suke kuwa babu abin da ya taɓa shi. Zai cire shi ya liƙa wani da dalma, ya kwashe komai zuwa sabuwar ma'ajiya. Daga nan, in ji shi, zai buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar ba su lalace ba. Haka yake wa kowa, mutum ne mai ƙa'ida.

Naki,
Auta

Auta,

Sallama.

Kada ya buɗe. Don girman Allah, ko ɗaya. Na ɗauka gyaran kamar na keken ɗinki ne, a canja abin da ya karye a miƙo maka, ban san sai an duba ciki ba.

Akwai ɗinkin da ban taɓa faɗa maka ba. Matan da aka yi wa aiki aka cire musu nono, ni nake ɗinka musu rigar ciki mai ciko, yadda in sun sa kaya babu mai ganewa. Ba a yin ta da awo kaɗai, don tabon kowa daban yake, wata ma ko zare ya goge ta sai ta yi kuka. Shi ya sa nake ɗaukar hoto sau ɗaya, bayan na rufe shago na saki labule, daga nan ba na sake sa mace ta tuɓe. Kowaccensu na ce mata babu idon da zai gani sai nawa. Akwai wata yarinya, shekarunta ba su kai na matarka ba, sai da muka yi zama uku kafin ta iya cire mayafi.

Idan ba zai yiwu ba sai an duba, ka sa guduma ka farfasa ta a gabanka. Ka faɗa masa ba zarginsa nake ba.

Yayarka

Yaya,

Takardarki ta same ni da safe, na fita da silifas. Na tarar ya gama liƙi, ma'ajiyar ta tashi, yana kwashewa. Babu komai a fuskar kwamfutarsa sai wani koren layi yana tafiya. Ban karanta masa takardar ba, na dai ce hotunan marasa lafiya ne, amana ce.

Sai ya ce, "To ban isa in ce mata sun fita lafiya ba. Wannan sai ita."

Na tsaya a kansa har ya gama, shi da kansa ya juya fuskar kwamfutar ta kalli bango. Ga tsohuwar da sabuwar a kwali ɗaya, da wata kwamfutar aro. Ni ma ban duba ba.

Shekara nawa kina wannan aiki, Yaya, ni ina nan ina miki tsiyar rigunan yara?

Auta

Auta,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso. Na rufe shago na buɗe su ni kaɗai. Biyu sun lalace, rabinsu toka-toka, amma masu su tsofaffi ne da muka saba, za su yi min dariya su zo. Sauran duk suna nan, alhamdu lillahi.

Ka gaishe min da mai gyara, ka ce ina sa shi a addu'a.

Yarinyar nan ta aiko tana son riga biyu, ta samu aiki. Na aika mata kada ta wahalar da kanta da zuwa, gobe zan yanka.

Yayarka