Na Rantse a Kan Ƙwan Dinya, Ga Aminina Zai Tafi Hajji

Assalamu alaikum, Malam. Don Allah a taimake ni da shawara, bakina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni mai sayar da albasa ne a Shinkafi, kuma shekarata ashirin ina kiwon agwagi a bayan gida. Da daminar da ta wuce na je Kaura Namoda, na ga dinya farare tas a kasuwa, suka shiga raina, na sayi biyu. Na zaɓi babba da ƙarama, domin haka muka sani a agwagi: toro ya fi macen girma nesa ba kusa ba. Da aminina Mahmuda, wanda muka tashi tare tun muna yara, ya zo gani, sai ya yi dariya har da riƙe ciki, wai maza biyu na kwaso. A ƙofar gidana ne, bayan La'asar, ga mutane zaune. Raina ya ɓaci, na ce wallahi ƙaramar mace ce. Ya ƙara dariya. Ni kuma na ƙara da cewa wallahi ba zan sake taka zaurensa ba sai ranar da na kai masa ƙwanta da hannuna.

Malam, wata bakwai ke nan, ba ƙwai ba dalilinsa. Maiɗakina Zubaida ta shimfiɗa wa ƙaramar ciyawa a tsohon kwando, har ta raɗa mata suna Hajiya. Yanzu kuwa in za ta ba su dusa sai ta ce Alhazai su matso, tana kallona ta gefen ido. Na taɓa ganin babban ya hau ƙaramar, na yi murna, amma shiru kake ji.

Ba gaba muke da Mahmuda ba, muna gaisawa a masallaci, sai dai furar da muke sha a zaurensa duk Juma'a ta yanke. Ga shi bana zai sauke farali, saura mako biyar maniyyata su tashi, kowa yana zuwa yi masa sallama ban da ni. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu nake ƙara jin tsoron wasa da sunan Allah. Yaya zan gane gaskiyar wannan tsuntsuwa, yaya kuma zan yi da rantsuwata?

Mai Dinya Biyu, Shinkafi.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka auna dinya da mudun agwagwa, daga nan kuskuren ya faro. A dinya bambancin girma kaɗan ne, saboda haka ƙaramar taka tana iya zama toro ne da bai kai ɗan'uwansa watanni ba. Shi ma Mahmuda ya yi gaggawar hukunci, domin macen dinya ba ta cika fara ƙwai ba sai ta doshi shekara, kuma lokaci gare ta, ba kamar kaza ba. Hawan da ka gani ba hujja ba ne, maza biyun da suka tashi tare sukan yi haka.

Ka zauna ka lura da su. Toro wuyansa ya fi tsawo da kauri, kukansa siriri ne mai tsini, kuma shi ne ke miƙe wuya yana huci in baƙo ya shigo. Macen muryarta ƙasa-ƙasa take, takan tsaya a bayansa. Waɗannan alamu ne kawai. In kana son yaƙini, ka kira malamin dabbobi ranar kasuwa ya kwantar da ita rigingine, ya danna gefen mafitarta a hankali. In toro ne, gabansa zai leƙo.

Batun rantsuwa kuwa, biyu ka yi. Ta farko ka yi ta ne a kan abin da ka haƙiƙance gaskiya ne, kuma malamanmu sun ce irin wannan ba ta da kaffara ko da ta zo saɓanin zatonka. Ta biyu ce ta ɗaure ka. Abin da addini ya koyar shi ne, wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Ka ciyar da miskinai goma ko ka tufatar da su, in ba hali ka yi azumin kwana uku.

Saboda haka kada ka jira hukuncin malamin dabbobi. Matafiyin Hajji ba a jinkirta neman gafara da shi, domin rai a hannun Allah yake. Juma'ar nan ka shiga zauren Mahmuda hannu rabbana, ka bar shi ya yi dariyarsa ta ishe shi, ku sha furarku. In Hajiya ta tabbata Hajiya, ƙwanta ya tarbe shi ranar da ya dawo. In kuwa Alhaji ne, to miyar tuwon miskinan nan goma ta samu, sai a gaya wa Zubaida ta wasa wuƙa.

Allah ya kai Mahmuda lafiya, ya karɓi ibadarsa, ya dawo da shi ya same ku cikin aminci.