'Yar Fari Za Ta Karanci Noma

Zongo, Lomé

Zuwa ga Yaya Kulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki, ya maigida da jama'ar Maraɗi? Mu nan sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Seydou direba alhali ga waya. A gidan nan ba a waya a ɓoye, maganar kuma ta 'yarki ce. Ta ci jarrabawar bak, ta gama sakandare ke nan, na san kin ji, tunda ke take fara kira. Ni a bakin maƙwabta na ji, na ce madalla, na ci gaba da tsince shinkafata. Sai da na shiga ɗaki na tura ƙofa sannan na taka rawata ni kaɗai, har gwiwa ta yi ƙara.

Yanzu rigimar abin da za ta karanta ake yi. Ashe jami'a gari ce guda, kowane ilimi da unguwarsa, fakulte suke cewa. Babanta ya kafe a kan tattalin arziki, don in ta gama ta riƙe masa ofishin fitar da kaya a tashar jirgin ruwa. Kawu Ikrima shari'a yake so, wai dangi ba su da lauya, sai ka ce wani ke shirin kai mu ƙara. Ita kuwa tana gefe tana wanke-wanke, ba wanda ya tambaye ta.

Ni ma ban tambaya ba. Kin san yadda aka rene mu: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a zaman hira da ita, ba a tsaya mata a gaban mutane. Ke kika goya ta har ta isa shiga makaranta, ke take buɗe wa ciki. Don Allah ki bugi cikinta, ki aiko mini da amsa.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki,
Assana

Yaya Kulsum,

Sallama irin ta Musulunci, da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya.

Amsarki ta hana ni cin tuwo. Noma! Jikar 'yan kasuwa, haifaffiyar bakin teku, wai noma. Wannan dariya ya ba ni. Abin da ya soke ni shi ne da ta ce miki za ta bi zaɓin babanta, tunda ni ko a jikina, ko me ta karanta ba zan ɗaga kai in duba ba. Na yi kuka, Yaya. Yaran nan na lekol, 'yan boko, ba su san kunyar ma so ce ba.

Shekaranjiya na bar wa maƙwabciyata rumfar gwanjona a kasuwar Hédzranawoé, na hau zemijan, babur ɗin haya, sai jami'a. Da Minanci, yaren mutanen garin nan, da guntun Faransancina na yi ta tambaya. Na wuce masu koyon likitanci da fararen rigunansu, na wuce 'yan shari'a suna musu a gindin bishiya, tun ba a ba su aikin ba. Wata yarinya ta tausaya mini ta kai ni makarantar noma. Ni fartanya na zaci zan gani. Sai ga ɗaki ana gwada ƙasa a kwalabe, ga sashen iri, ga na dabbobi, ga masu koyon yadda tumatir zai daɗe bai ruɓe ba. 'Yan mata har da masu hijabi suna duƙe a kan shuka suna rubutu.

Nan na tuna gwangwanayen barkonon da ta jera a bayan madafa. Ta ɗauka raɓa ce ke raya su ranakun da ta makara, alhali ni ke ba su ruwa a ɓoye. Kada ki kuskura ki gaya mata.

An kusa rufe rajista. Ranar Juma'a bayan an sauko dangi za su zauna a yanke magana. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Assana

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida.

An yi zaman. Babanta ya faɗi tasa, Kawu ya faɗi tasa, ita kuwa kanta a sunkuye. Har an ɗaga hannu za a shafa fatiha a kan tattalin arziki, sai na ji muryata tana cewa a dakata. Na ce yarinyar nan noma take so, na je da ƙafata na ga wurin, na zayyana musu sashe-sashe kamar ni na gina shi. Na ce 'yata ce, kuma ina bayanta.

Gwaggo Batul ta yi salati ta ja mayafi ta rufe fuska, wai Lomé ta cinye mini kunya. Babanta ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wanda ya sa Assana ta yi magana a kan 'yar fari, shi bai isa ya ja da shi ba. An shafa fatiha a kan noma. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse, amma ban yi nadama ba.

Washegari da safe, maimakon ta gaishe ni daga bakin ƙofa ta wuce yadda ta saba, sai ta shigo ta zauna a tabarmata, ta sa hannu a kwanon ƙosaina. Ban kore ta ba. Ta yi ta zuba mini labarin ƙasa da taki, ni kuwa ban ji rabinsa ba, fuskarta nake kallo. Tunda na haife ta ban taɓa kallonta na daɗe haka ba.

Yaya, ashe in ta yi dariya marigayiya Inna ce sak, har ɗan lotsawar kumatun. Shekara da shekaru kina gani, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?

Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.
Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Assana