Saƙonnin Yaya Tasalla daga Kano

Alhamis, 20 ga Satumba, 2018

Kwana goma sha biyu ke nan a unguwar Briqueterie ta babban birnin Kamaru, a ɗakin Gwaggo Hansai, ƙanwar babana. Barci kaɗan, sauro da yawa.

Har yanzu in na rufe ido sai in ji muryar mijina Gwadabe a ƙofar gidanmu na Bamenda, ni ina ƙarƙashin gado. Yaran daji, 'yan awaren da suka hana buɗe makarantu, sun zo da bindiga neman malamar da ta ƙi daina zuwa makaranta. Ya ce musu, "Ba ta nan. Na sake ta, ta tafi Najeriya." Washegari ya cire layin wayata ya karya, ya sa ni a mota. Shi ya tsaya, wai gida da teburin namansa ba za su tsare kansu ba.

Ceto na ya yi, na sani. Amma ya furta sakin.

Asabar, 22 ga Satumba

Gwaggo ta ja ni wurin liman. Ya ce wanda aka tilasta wa, sakinsa bai saku ba. Na fara murna ke nan sai Gwaggo ta sako baki: ai labari ya zo cewa Gwadabe ya maimaita a kasuwa don mutane su yarda, kuma ba bindiga a kansa. Liman ya ce to a bi a hankali, in fara idda, shi kuma Gwadabe ya furta cewa ya mayar da ni kafin ta cika.

Kalma huɗu kawai. Daga bakin mutumin da in ya ce "sannu" ya gama hirar yini.

Lahadi, 30 ga Satumba

Kira ba zai yiwu ba. Yaran daji suna tare mutane a hanya su bincike waya, kuma matar da aka saka ba ta kiran miji da lambar Kamaru.

Izzuddeen mai gyaran waya a hanyar Mokolo, Bakano ne, shi ya samo dabara. Ya buɗe mini lambar Najeriya a kwamfutarsa, lamba ce kawai, ba ta da layi. Ni da ƙaramar wayata mai maɓalli, ba intanet ba komai, sai in tura saƙo zuwa wata lamba da ya ba ni, in fara da lambar Gwadabe. Can sai ya fito kamar daga Najeriya aka turo. Ya yi ta bayani, ya rubuta wasu abubuwa a takarda, na cusa a jaka. Hankalina na kan saƙon farko.

Da sunan yayarsa Tasalla ta Kano nake rubutawa. Wani direba ya riga ya raɗa masa cewa ni ce.

Na rubuta: "Ƙanena, ina gaisuwa. Maganar matarka, ka mayar da ita tun da sauran lokaci."

Talata, 16 ga Oktoba

Shiru.

Kullum saƙo ɗaya. Don kada mai bincike ya yi zargi, sai in haɗa da labarin Kano, garin da ban taɓa takawa ba. Izzuddeen nake tambaya. Yau Yaya Tasalla ta je Kurmi, ta sha rana. Ni kuwa ruwa ya hana ni shanya ko ɗankwali.

Juma'a, 2 ga Nuwamba

Jinin idda na biyu ya wuce. Saura ɗaya. Gwaggo ta fi ni iya ƙidaya, ta ce, "Hadija, namiji in yana so ba ya rasa hanya." Na ce ƙila ba shi da kuɗi a waya. Ta taɓe baki, ni ma da na ji kaina na ji kunya.

Direban nan ya gan shi ranar Talata yana yankan nama, lafiyarsa lau. To lafiya lau ɗin ce ta ɓata mini rai. Allah Ya yafe mini.

Da yamma unguwar nan duk ƙamshin tsire take. Ba na fita.

Asabar, 17 ga Nuwamba

Na gaji da zama Tasalla. Na gaji da lallashi. Shekara goma sha huɗu ina fassara shirun mutumin nan, ina cewa haka Allah Ya yi shi. Ƙila da ma nema yake, yaran daji suka ba shi dalili.

Yau ban sa labarin Kano ba. Na rubuta: "Na yi magana da ita. Ta ce ta haƙura da kai, kada ka wahalar da kanka."

Na tura. Ban sake tura wani ba.

Laraba, 28 ga Nuwamba

Wata makaranta a nan unguwar Tsinga na neman mai koyar da Turanci. Sun ce in fara bayan hutu. Gwaggo har ta fara ambaton wani mai shagon yadi da matarsa ta rasu. Na ce ta bari in huta.

Alhamis, 6 ga Disamba

Na je in ce wa Izzuddeen ya rufe lambar. Ya buɗe kwamfuta, ya dube ni.

"Malama, a rufe, da saƙo arba'in da ɗaya ba ki karanta ba?"

Ashe tura saƙo ne kaɗai ba ya bukatar intanet. Amsa ba ta zuwa wayata, can a intanet take taruwa, sai an shiga da kalmar sirri. Ya ce ai ya rubuta mini a takarda. Tana nan a jaka, a ninke yadda ya ba ni. Ni malamar da ke dukan tebur tana cewa yara su karanta umarni kafin su amsa tambaya.

Ya ba ni kujerarsa ya fita waje.

30 ga Satumba: "Yaya na mayar da ita. Na faɗa gaban liman tun ranar da ta tafi."

3 ga Oktoba: "Yaya kin gaya mata? Na mayar da ita."

Haka, haka. Ni ina ta cewa ka mayar da ita, shi yana ta cewa na mayar. A wani ya ce ya kasa cin tuwon kowa. A wani ya tambaya ko ciwon bayana ya tashi da sanyin nan, a sa mini man zafi. Bai taɓa nuna ya san ina da ciwon baya ba.

16 ga Nuwamba: "Ki ce ta faɗi ko kalma ɗaya. In ta ce in taho zan kulle gidan in taho."

Washegari ne na tura masa nawa.

Daga nan babu komai. Kwana goma sha tara. Na tura saƙo shida a zaune a wurin. Na nemi direban, an ce ya daina bin hanyar tun da aka ƙone motoci. Izzuddeen ya kira lambar Gwadabe da wayarsa, a kashe.

Ban taɓa roƙon Allah Ya sa mijina fushi yake yi da ni ba sai yau.

Asabar, 8 ga Disamba

A kashe.

Na biya ta tashar motocin Bamenda, tambaya kawai na je yi. Litinin yaran daji sun hana shiga garin, sai Talata da safe. Tikitin yana cikin littafin nan don kada Gwaggo ta gani. Ban ce zan tafi ba. Na dai karɓi aron nikabinta, na ce sanyi ke damun fuskata.