Ramukan Taki a Garkar Bahago

Agadas, 6 ga Nuwamba 1955

Zuwa ga maiɗakina Haoua,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da ƴarmu Aissa, da Baba da Inna. Yaya tarin yarinyar? Ni ina nan lafiya, alhamdu lillahi.

Kin tambaye ni labarin tanar da kika tono mini a garkar Baba. Sun iso da rai. Kwana uku a bayan kamyo, babbar motar kaya, daga Damagaram, ina jiƙa tsumman bakin gwangwanin da ruwan shana, direba yana kallona kamar wanda ya taɓu.

Mutum ɗaya ne ya yarda in haƙa ramukan taki a garkarsa, wani dattijo da ake kira Bahago, a bakin ƙoramar Telwa. Yana da rijiya, da dabino goma sha ɗaya, da jan sa guda wanda ke jan wasaki daga fitowar rana zuwa azahar. Duk abin da yake kore a garkar nan, daga wuyan san yake fitowa. Ramukan uku ne. Muna zuba kashin awaki da ganye da toka, mu jiƙa, mu rufe da tabarma. Mutanen nan busasshen taki suka saba watsawa, saboda haka abin ya zame musu abin dariya. Maƙwabcinsa Hassane, wanda suka shekara bakwai suna gardama a kan wani dabino da ya tsiro a kan iyakarsu, yakan leƙo ta shinge ya tambaye ni ko kiwon tsutsa na yi shekara huɗu ina karantawa a Dakar. Yanzu Mushe Mai-tana ake ce mini, da yake Mushe ake kiran duk ma'aikacin da ya yi bokon Faransa. Idan alkama ta fito, ita za ta ba shi amsa.

Na ga wasu ƙananan huji a gefen rami na biyu. Ban tabbata ko mene ne ba.

Ki gaida kowa da kowa. Naki,
Inoussa

Agadas, 11 ga Disamba 1955

Zuwa ga maiɗakina Haoua,

Gaisuwa da so da girmamawa. Na samu takardarki, na kuma yi murna da jin Aissa ta warke. Allah ya ƙara sauƙi. Yaya ƙafar Inna?

Hujin nan da na gaya miki, ɓeraye ne. A ƙasar da babu laima, na ajiye danshi da ɗumi da abinci a wuri guda, ban yi tunanin wanda zai fara zuwa ba. Sun haihu a cikin takin, sun cinye rabin tanar, sannan suka fito suka aske fangali huɗu na alkama har ƙasa. Sun ratsa shinge sun shiga tumatir ɗin Hassane, shi kuwa ya ce Bahago ne ya yi kiwonsu don a kore shi daga garkarsa.

Ranar Alhamis masu garake suka taru, mutum goma sha biyar, kowa da kulki. Suka kewaye ramukan da busassun ganyen dabino, suka cinna wuta. Ba zan kwatanta miki ƙarar ba. Ɓerayen sun riƙa fitowa gashinsu yana ci da wuta, ana maƙe su a ƙasa, ana takawa. Wata gafiya mai girman kyanwa ta kama babban yatsan wani mutum, sai da aka fasa mata kai kafin ta saki. Da aka tone ramin aka tarar da jajayen ƴaƴa a gida-gida, aka kwashe su da fartanya aka watsa cikin wutar.

Akwai abin da nake so ki sani. Na je ne don in tsaya a gefe in ƙirga. Ban san lokacin da sanda ta shiga hannuna ba. Na kashe fiye da ashirin, har jini ya ɓata mini wando, kuma ina dukan ɗaya bayan ya daɗe da mutuwa sai da Bahago ya riƙe mini hannu. Ya ce, a hankali Mushe, ba shi ne ya yi maka dariya ba. Na ji kunya ƙwarai.

Bayan kwana biyu sababbin huji suka bayyana. A biro, wato ofishinmu na aikin gona, muna da gubar da ake sa wa diloli. Na yi wa Bahago maganarta, ya ce muddin yana da rai ba za a shigar da ita inda sansa yake kiwo ba.

Ki sa ni a addu'a. Naki,
Inoussa

Agadas, 18 ga Disamba 1955

Haoua,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Wannan takarda ki karanta ta ke kaɗai.

San Bahago ya mutu jiya da hantsi. Yana cikin jan wasaki ya tsaya, ƙafafunsa suka sandare, ya faɗi. Wuyansa ya lanƙwashe baya har na ji ƙarar ƙashi. Ya yi ta shure-shure, ya karya itacen rijiya, kumfa tana zuba daga bakinsa, duk sanda aka taɓa shi sai jikin ya sake ɗamewa kamar igiya. Bahago ya durƙusa ya rungume kansa yana kiran sunansa, san ya buge shi a haƙarƙari bai saki ba. Ko yanka shi ba a yi ba, don kowa ya ga alamar guba.

Ni na sa ta. Ranar Juma'a, da kowa ya tafi masallaci, na kwaɓa ta da dusa da ɗan gishirin Fachi, kamar yadda littafi ya ce, na tura cikin rami, na rufe da tabarma na danne da duwatsu. Babu makiyayin da bai san cewa sa zai ture dutse don ya kai ga gishiri ba. Ni ban sani ba.

Bahago ya ce Hassane ne, domin a ranar wutar Hassane ya rantse a gaban jama'a cewa sai ya ga bayan garkar. Ina tsaye a wurin lokacin da ya faɗa. Na buɗe baki, sai na ga ban shirya kalmomin ba, kuma magana irin wannan ba a yin ta da gaggawa. Ina tsara yadda zan faɗa masa ba tare da aikin ramukan ya mutu gaba ɗaya ba. Gobe in sha Allahu zan je.

Naki,
Inoussa

Agadas, 8 ga Janairu 1956

Zuwa ga maiɗakina Haoua,

Bayan gaisuwa da neman gafara a kan shirun da na yi, ina fata ke da Aissa da iyayenmu kuna cikin ƙoshin lafiya. Takardarki ta zo. Layi biyu kika rubuta, kika ce in ajiye alƙalami in tafi yanzu. Gaskiyarki ne, amma ta iso bayan komai ya wuce.

Ranar Litinin ɗin da na ce zan je, na zauna a tebur tun safe ina gyara jawabina. Sau huɗu na sake shi. A daidai wannan lokacin Hassane ya leƙo ta shinge ya tambayi Bahago ko yau tanar Mushe ce za ta ja masa ruwa. Bahago ya tsallake shingen da lauje a hannu. Hassane ya tare da hannun dama, laujen ya tafi da yatsu uku, sara na biyu ya buɗe masa kunci har haƙora suna bayyana. Da na iso, takardata a aljihu, na tarar ana tsintar yatsun a cikin tumatir.

Likita ya ɗinke fuskar. Hannun kuwa ba zai sake riƙe fartanya ba.

A gaban alƙali na faɗi abin da na yi. Ban ciro takardar ba. Na ce ni na sa gubar, an hana ni na sa, na ji ana zargin wani na yi shiru kwana biyu. Iyakar maganar ke nan, kuma ko a ranar Asabar ba ta fi haka tsawo ba. Hassane ya nemi a matso da ni kusa da shi. Na sunkuya, ya tofa mini yawu mai jini a fuska. Ban goge ba sai da na fita. Bahago bai dube ni ba ko sau ɗaya. An tsare shi kwana goma sha huɗu, sauran hukuncin yana gaba. Kwamanda, Baturen mulki, ya aika da rahotona Yamai, ban san abin da zai dawo ba.

Alkama ba ta jiran shari'a. In ta yi kwana biyar babu ruwa ta tafi. Washegarin tsare Bahago na gyara itacen rijiya, na ɗaura igiyar a ƙirjina, na bi hanyar da kofaton san ya fafe a ƙasa. Taku ashirin da biyu ne zuwa, ashirin da biyu dawowa. Rabin wasaki kawai nake iya ɗagawa. Na buɗe shingen na ja magudana zuwa tumatir ɗin Hassane, garka biyu nake shayarwa. Fangali shida sun tsira, uku sun bushe. Idan kin ga rubutuna ya karkace, tafin hannuna ne ya saɓule.

Ramukan na cike su da yashi. Kafin in cike na ƙarshe na ga tana kaɗan a can ƙasa, suna da rai. Na bar su a ciki. Kada ki sake tono mini wasu.

Bahago ya dawo ranar Talata. Ya tsaya a bakin rijiya ya daɗe yana kallona ina kai da kawowa. Na yi zaton zai dake ni, kuma da ban kare ba. Abin da ya ce kawai shi ne ina juyawa da wuri, ruwan yana komawa rijiya, shi san ya san inda ake tsayawa. Sannan ya ɗauki dutse ya ajiye a wurin, ya koma bakin magudana ya zauna. Tun daga ranar a dutsen nake juyawa.

Kin yi shirin zuwa bayan girbi. Na ga ya wajaba ki san wanda za ki tarar kafin ki hau mota. Ki gaya wa Baba duka, kada ki rage kome don ki kare ni.

Ki shafa mini kan Aissa. Mijinki,
Inoussa