Zakin Ɗantala Ya Iso Turkiyya

Yaya Manu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da su Mutmainna. Ni lafiya lau. Sanyin garin nan ya ɗan kwantar da ni makon jiya, amma na warware. Kada ka gaya wa Inna.

Ka tuna hoton motar gero da ka ɗauka a bakin boda, mai zanen zaki a bayanta? Na sa shi a kundin bincikena, malamata ta maido mini. Wai dole in rubuta wanda ya ɗauka, da wurin, da shekarar, har da mai zanen. Na ce, "Ai kowa ya san hannun Ɗantala ne!" Ta yi dariya, ta ce ita ba 'yar Jibiya ba ce.

Don Allah ka leƙa rumfarsa, ka tambayo mini cikakken sunansa, da shekarar da ya yi zanen, ka nemo izininsa. Ka ce masa, shi da bai taɓa wuce Maraɗi ba, sunansa zai shiga littafi a Turkiyya.

Naka ma yana ciki, amma ƙasa da nasa. Kada ka kumbura kai.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Amatullahi