Da Ledarta Aka Dasa Ta

Baban Hadassah,

Kana barci na fita. Da safen nan na tona gindin bishiyar adon nan da ke ta zubar da ganye. Ashe mai sayar da fulawar nan na unguwar Kamazou da ledarta ya dasa mana ita, saiwar duk ta nannaɗe a ciki ta ruɓe. Shi ne jiya har da cewa babu garanti, wai ruwan wankina ya kashe ta, kai kuma kana gyaɗa masa kai a gabana.

Na ɗauke ta a keke na tafi wurinsa. Ko ya canza mana, ko duk kwastomominsa su ga ledar nan.

Kada ka cike ramin. Ka duba shi da kyau, ka nemo mini kumfar sabulun kafin in dawo.

Maman Hadassah